Mai Riƙe Min Mukulli Nake Zargi da Rigata

Tanti Affoué, don girman Allah ki taimake ni kafin Lahadin nan. In ba a tare ni ba zan yi abin da ba ya gyaruwa, kuma na san halina, in raina ya ɓaci bakina ba shi da birki.

Ni tela ne a unguwar Treichville, nan Abidjan. Ɗaki ɗaya nake haya, ciki nake kwana, ciki nake ɗinki. Namiji ne ni kuma maza nake so, irinmu da ake kira wubi a garin nan, wasu da zagi, mu kuma mun karɓe sunan mun yi masa kwalliya. A tsakaninmu “ke” muke ce wa juna. A gida kuwa “kai” ne, ɗan Maman, wato mahaifiyata, wanda ya gaji sana'arta. Ki kira ni da duk wanda ya yi miki.

Na san kin san al'adarmu ta mukulli, amma bari in faɗa saboda masu karanta ki. Kowaccenmu tana da mai riƙe mata mukullin ɗaki. In ciwo ya kayar da ke, ko mota ta kwashe ki, ko rai ya yi halinsa, mai mukulli ce za ta riga danginki isa ɗakin, ta kwashe duk abin da zai ba da labarinki: hular gashi, takalma masu tsini, jambaki, hotuna, rigunan rawa. Shara muke ce wa wannan. Dangi su zo su tarar da ɗakin saurayi nitsattse, su yi jinyarsu ko kukansu hankali kwance. Ba a ba masoyi mukulli, don soyayya tana ƙarewa. Sai wadda kika yarda da ita fiye da kanki. In kuma za a karɓe mukulli, a gaban jama'a ake yi, daga ranar ko gaisuwa babu.

Nawa yana hannun Léocadie. Mai gyaran gashi ce a Marcory, ta girme ni nesa ba kusa ba. A katin shaidarta akwai wani sunan maza, amma ba wanda ya isa ya kira ta da shi. Ita ta tsince ni lokacin da na sauka Abidjan ban san kowa ba, ta ba ni tabarma a shagonta, ta koya min tafiya da takalmi mai tsini tana bi na da tsintsiya tana cewa ina taku kamar mai tsallake kwata. Uwar ɗakina ce. Shi ya sa abin nan yake ci na.

Muna da ƙungiya, Ƴan Lahadi. Da rana muke haɗuwa a farfajiyar bayan wani gidan abinci, mai wurin ta ja ƙofa ta soya mana ayaba da kifi, mu yi rawa, mu yi wasan kwaikwayo, mu ci naman duk wadda ba ta zo ba. Ƙarshen shekara muke babban bikinmu, kowa ta fito ta nuna abin da ta iya, a zaɓi sarauniya. Bana an ce kowa ta yi shigar matan garinsu. Ni ƴar ƙabilar Baoulé ce ta garin Dimbokro, don haka na ce wannan shekarar tawa ce. Na sayi saƙi shuɗi na garinmu, na yanka doguwar riga daidai jikina, na fara yi mata surfani da zaren gwal a wuya. Ni doguwa ce kuma ina da faɗin kafaɗa, sai na yi wa kafaɗar wani ninki na ciki da ke ɓoye faɗi, wanda a wurin Maman na koya, ban kuma taɓa ganin wani tela yana yin sa ba. Ban nuna wa kowa ba, har Léocadie, tunda tana cikin alƙalan bana. A bayan ƙofa nake rataye ta cikin ɗinkin mutane, don a ɗakin tela babu maɓoyar da ta fi nan.

Saura rabin surfani da kalmasa, zazzaɓi ya kayar da ni a tsakiyar kasuwar Adjamé. Ban san inda kaina yake ba sai a gadon asibiti. Maƙwabciyata ta kira Maman, ta kuma kira Léocadie, Léocadie ta yi shara kafin motar Dimbokro ta iso. A ɗakina Maman ta sauka. Tsohuwar ba ta iya zaman banza, ta hau kekena ta ƙarasa duk ɗinkin da ke bayan ƙofa, tana zuwa asibiti tana tambayata wannan ta wace ce, waccan ta wace ce, ta kira masu su suka zo suka karɓa. Har da faɗan wai kalmasata ta lalace tun da na zo birni.

Da aka sallame ni na shiga ɗaki na tarar da shi fes, bayan ƙofa wayam, babu shuɗiyar riga. A zuciyata na ce Allah ya yi wa Léocadie albarka, komai ta kwashe. Maman ta ƙara kwanaki tana ɗura min romo, sannan ta koma gida. Washegari Léocadie ta kawo min kayana cikin manyan jakunkuna biyu. Komai yana nan, Tanti, har ɗan kunne ɗaya da ya karye wanda ni kaina na manta da shi. Rigar ce kawai babu.

Na tambaye ta. Ta tambaye ni wace riga, na kwatanta mata, na ga fuskarta ta canza. Ta shiga gyara zanen gadona wanda ba abin da ya same shi, ta ce, “Ni dai na kwashe duk abin da na ga zai yi magana.” Na sake tayar da zancen a shagonta bayan kwana biyu, tana yi wa wata kitso, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Allura, ki sha maganinki, ki bar tambayar da ba ki shirya jin amsarta ba.” Allura suke ce min. To, Tanti, mai gaskiya haka yake amsawa? Ko da ban nuna mata ba, wa zai ga rigar nan, da tsawonta da kafaɗarta, bai san tawa ba ce?

Yanzu ga inda raina ya ƙarasa ɓaci. Akwai wata Philo, mai rawa ce a Yopougon, guntuwa mai baƙin surutu. Ba ma ga maciji tun da ta ce rigar da na ɗinka mata ta mayar da ita buhun gawayi. Lahadin da ta wuce, ranar da na fara komawa ƙungiya, ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, “Sannu da tashi, ƴar uwa, mu har mun fara zaɓen atamfar ankon jana'iza.” Aka yi dariya, ni ma na yi. Da aka zo gwajin rawa sai ga Philo ta yafa saƙi shuɗi na Baoulé tana juyi da shi. Philo ƴar Man ce, can yamma. Me ya haɗa ta da saƙin garinmu, kuma shuɗi? Daga baya aka gaya min Léocadie tana yawan zuwa Yopougon kwanan nan, wai ita ce ke haɗa wa Philo gashin biki. Alƙaliya ce fa.

Tun daga nan ban sake yarda da kowa ba. In zan fita sai in maƙala guntun zare a bakin ƙofa don in gane ko an shiga. Ran nan na dawo na tarar da shi a ƙasa, na wuni ina birkice ɗaki, ban ga abin da ya ɓata ba, amma hankalina bai kwanta ba. Maƙwabciyar da ta cece ni ma yanzu in ta gaishe ni sai in ce me take nufi. In na ga biyu daga cikinmu sun haɗa kai suna dariya, ni ce. Abin da ya fi tsorata ni kuwa, Léocadie ta riƙe duk rayuwata a jaka biyu. In za ta iya miƙa wa Philo rigata, hotunan fa? Wa ya gan su kafin su dawo?

Sabuwar riga kuwa ban fara ba, ba ni da ƙarfi, ga shi na rame har wanduna suna zamewa. Ita kuma Maman ta can ta hana ni sakat. Ta kira wai in saya mata zaren gwal a Adjamé, na aikin matan cocinsu, na ja jiki na saya na ba direban motar Dimbokro. Ta sake kira wai in auna ƙuguna da ƙirjina in gaya mata, tunda ta ga na zube. Cewa ta yi, “Ka sa tef, ban da ƙiyasi.” Na san rigar Kirsimeti ce da take min duk shekara, amma ita da ke kallon mutum sau ɗaya ta yanka masa riga, bana tsufa ya sa sai da awo. Ban ma ba ta amsa ba, kaina ya yi zafi.

Abin da na shirya shi ne, ran Lahadi in an gama cin abinci in miƙe in ce Léocadie ta ajiye min mukullina a kan tebur, kowa ya ji dalili. Wani lokaci in ji na ƙagu ranar ta zo, wani lokaci in tuna tabarmar nan in ji kuka ya taho min. Ina ƙaunarta, kuma ban yarda da ita ba, ban san yadda ake zama da abu biyun nan a ciki ɗaya ba. Ki gaya min gaskiya, in karɓe ko in bari?

Allura, Treichville

Ƴata Allura,

Tunda inda kike sakewa “ke” ake ce miki, ni ma da ita zan kira ki. Sannu da jiki. Ki fara cire zaren nan daga bakin ƙofa, iska ce ke yi miki wasa da hankali, kuma mutumin da bai gama warkewa daga zazzaɓi ba bai kamata a bar shi ya yanke wa kowa hukunci ba. Ran Lahadi ki je ki ci ayabarki, mukulli ya zauna inda yake.

Ba na ce ba ki da hujja ba. Riga ta ɓata, wadda ta shiga ɗakin ta ƙi yi miki bayani, kuma amsar da ta ba ki a shago ba amsar da za a ba mai neman kayansa ba ce. A nan Léocadie ta yi kuskure. Haɗa wa ƴar takara gashi alhali tana alƙalanci shi ma abin magana ne, kuna iya tayar da shi a ƙungiya cikin lumana. Amma wannan daban, sata daban. Wadda ta dawo miki da karyayyen ɗan kunne da hotunan da za su iya rusa ki, ban ga abin da zai sa ta zubar da mutuncinta a kan riga ɗaya ba. Philo kuwa, zane kika gani a kafaɗarta, ba riga ba. Saƙi shuɗi yana nan jibge a kasuwa, kuma ba ki san wace mata ce ta raine ta ba. Ke da bakinki kin ce guntuwa ce. In ta sa rigarki sai an nemo mai riƙe mata jela.

Yanzu ki zauna, don abin da zan faɗa ya fi wancan nauyi, kuma duk daga wasiƙarki na tsinto shi. Kin ce ba ki taɓa nuna wa Léocadie rigar ba. Kin ce cikin ɗinkin mutane take rataye. Mai gyaran gashi ce, tana sauri, motar Dimbokro tana hanya. A ɗakin kowa rigar mata abin ɗaukewa ce, a ɗakin tela kuwa kayan sana'a ce. Ina kyautata zaton ta gan ta ta wuce ta, kamar yadda kika so kowa ya yi. Dabararki ta ci, sai dai ta ci wadda ba ita kika nufa ba.

Kin tambaye ni wa zai ga tsawon rigar nan da kafaɗarta bai san taki ba ce. Mutane da yawa, ƴata. Amma akwai mutum ɗaya da ba za ta kasa ganewa ba, wadda take auna kafaɗun nan tun kina rarrafe, wadda ninkinta ne a jikin rigar, kuma ita ce ta yi kwanaki a ɗakin tana sauke abin da ke bayan ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye ki mai kowace riga. Mai shuɗiyar ce kawai ba ta tambaya ba. Sannan ta koma gida ta aiko neman zaren gwal, ta kuma ce ki auna ƙugu da ƙirji da tef. Ke tela ce, kin fi ni sani: sakakkiyar rigar maza ta Kirsimeti ba ta buƙatar wannan awon. Rigar da ke bin jiki ce ke buƙatarsa, musamman in mai ita ta rame.

In haka ne, kin ga dalilin da fuskar Léocadie ta canza. A lokacin da kika kwatanta mata rigar ta gane cewa aikin nan ɗaya da kika damƙa mata ya kuɓuce mata, ta kuma gane hannun da rigar ta faɗa. Kunya ce da tsoro, ga ki ba lafiya, ta rasa ta inda za ta fara. Ina kuma zaton ke ma wani sashe na zuciyarki ya hango wannan tuntuni. Zargin Léocadie ya fi sauƙi, don ita in kun ɓata za ki rayu, uwa kuwa ɗaya ce.

Ba ni da tabbas, kada ki ɗauki zatona ki mayar da shi labari. Yana yiwuwa zaren na coci ne da gaske. Yana yiwuwa Maman ta ɗauke rigar ne don kada wani ya gani, ta kulle ta a akwati tana kai kukanta wurin Allah. Ko da ma tana ƙarasa miki ita ne, wannan ba ya nufin ta shirya zama a yi zancen baki da baki, balle kawunnanki na Dimbokro su ji. Iyaye mata da yawa suna sani, kuma suna so a bar su su sani ba tare da an sa su furta ba. Don haka kada ki ɗauki waya cikin zumuɗi ki zazzage mata abin da ba ta tambaya ba. Ki bar ta ta zo da ƙafarta, da saurin da za ta iya.

Abin da za ki yi shi ne, kafin Lahadi ki sami Léocadie ita kaɗai, ba a shago gaban masu kitso ba. Ki ce mata, “Léocadie, rigar nan a bayan ƙofa kika bar ta, ko?” Ki kalli fuskarta. In ta ce eh, ki gaya mata ba laifinta ba ne, ke ce kika ɓoye ta har mai shara ta kasa gani, kuma daga yau mai mukulli ta san inda komai yake. In ta ci gaba da kwana-kwana, ko kika ga ninkin kafaɗarki a jikin Philo da idonki, to kina da ikon karɓar mukullinki, amma ko a lokacin ki karɓa a ɗaki tsakaninku. Wadda ta ba ki tabarma ba a tsayar da ita gaban tebur.

Sannan tsohuwa tana can tana jiran amsa, kin bar ta da almakashi a hannu. Ki ɗauki tef ki auna kanki tsakani da Allah, ƙugu da ƙirji, yadda kike a yau, ki gaya mata ba ƙari ba ragi. In ta tambayi tsawo, ki haɗa da na takalmin. Duk abin da direban Dimbokro ya kawo miki, ki rufe ƙofa kafin ki kwance, kuma ki kira Léocadie ta zauna kusa da ke, don ko rigar Kirsimeti ce ko shuɗiyar, za ki so a ce akwai wani a ɗakin.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar ki da mai mukullinki, ya sa abin da Maman take ɗinkawa ya zauna miki daidai.

Tanti Affoué